Wanda Ya Bar Mararraba

SHAFI NA 12

Waɗanda suka cika mini akwatin saƙo da zagin Tela, ku ɗan riƙe bakinku tukuna. Ni ma na zage shi, har na fi ku. Ku karanta.

*

Gari ya waye mana a masauki babu mai dariya. Tun da muka fara wannan doguwar tafiya ta kekuna, ba a taɓa shan shayin safe cikin irin wannan shiru ba. Kekuna na jingine a jikin katanga, babu wanda ya taɓa famfo.

Malama, ɗaya daga cikin 'yan tafiyarmu, tana asibiti. Ƙashin kafaɗarta ya karye, fatar gefen fuskarta ta ɗaye.

Mijinta, Mai Kemis, a can ya kwana. Da ya shigo tsakar gidan, rigar jiya ce a jikinsa, da busasshen jini a hannun rigar.

"Ina yake?"

Jagora ya tare shi. "Zauna ka sha ruwa tukuna."

"Ruwa na zo sha? Na ce ina tsohon banzan nan yake!"

Dokokinmu ba su da yawa. Jagora ne a gaba, ba a wuce shi. Mai shara ne a baya, shi kuma ba ya wuce kowa. Ni aka ba sharar, don gyaran keke ne sana'ata. In an zo mararraba, Jagora zai nuna wanda ke bayansa, wannan ya sauka ya tsaya yana nuna wa na baya hanya. Ba zai ɗaga daga wurin ba sai ya ga fuskata. Ko rana ta narka masa hula, ko ruwa ya sauko, sai ya ga fuskata.

Jiya Tela aka ajiye a wata mararraba mai hanya uku. Mu hagu muka yi. Malama ta iso ita kaɗai, ba ta tarar da kowa ba, sai ta bi ta dama don ta fi faɗi da kyan kwalta. Ashe hanyar wurin fasa dutse ta gangara, inda tifofi ke zubar da tsakuwa a kan kwana. Wani direban tifa ne ya tsince ta. Ni da na san hanyar, da na iso ban ga kowa ba, na zaci ba a ajiye mutum a wurin ba, na yi hagu abina.

Da aka tambayi Tela, abin da ya ce bai wuce wannan ba: "Na bar wurin. Laifina ne."

Jagora ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Da an gama shayi za mu zauna a ɗaga hannu. In rinjaye ya ce ya tafi, zai tuɓe rigar ƙungiya, ya hau motar kaya ya koma gida."

"Shi ke nan?" in ji Mai Kemis. "Riga? Wallahi hotonsa zan watsa a duk wani zauren masu keke da ke cikin wayata. Sai ya rasa wanda zai ara masa famfo har ya mutu."

Na so in tambaye shi inda yake lokacin da matarsa ke tafe ita kaɗai, don kowa ya san yana can gaba yana tsere da samari. Na haɗiye. Ba a yi wa mai jini a hannun riga irin wannan tambayar.

Abin da na ce shi ne, "Hannuna zai riga na kowa tashi."

Kuma har cikin zuciyata na faɗi haka.

*

A bayan masauki na sami Tela, kusa da famfon ruwa. Ya kifa kekensa yana ɗiga wa sarƙa mai, kamar mutumin da ba shi da wata damuwa a duniya.

Ɗan tsamurmurin dattijo ne. A wannan tafiyar na fara saninsa, amma an ce tun da aka soma shirya ta shekara-shekara bai taɓa fashi ba. Rigunan ruwan ƙwai da muke sawa ma shi ya ɗinka su.

"Sannu, Mai Shara."

"Riƙe sannunka. Ina ka je?"

"Ai na faɗa jiya."

"Ba ka faɗa ba. Cewa ka yi ka bar wurin. Wannan ko akuyar bakin hanya ta sani. Ina ka je nake tambaya."

Ya juya feda da hannu, taya ta yi ta wulwulawa.

"Fitsari ya matse ka? Waya aka yi maka? Ko inuwa ka nema?"

"Zaɓi wadda ta yi maka, ka kai musu."

Ban san lokacin da na yi ƙwallo da gwangwanin man ba. Na cakumi wuyan rigarsa na miƙar da shi. Ba shi da nauyi, sai ka ce buhun auduga.

"Mace tana kwance da karaya, kai kana nan kana mini wasa da hankali? Ka san me ya sa nake iya tsayawa a baya in yi wa mutum faci hankalina kwance? Don na yarda akwai wani a gaba da ba zai motsa ba. Ka sa na wuce mararrabar nan ina fito, ita tana can kwance a tsakuwa!"

Ya dubi hannuna, ya dube ni.

"Sake ni, ɗana. Ni na yi ɗinkin nan, ba zai yage ba. Yatsunka ne za su yi ciwo."

Na sake shi. Ya sunkuya yana neman gwangwanin.

A nan idona ya sauka kan wani jan ƙyalle da ke ɗaure a bayan sirdinsa. Kullum ina ganinsa daga baya, yana kaɗawa, kuma kullum yayana ne ke manne da shi. Tun ranar farko Yaya bai rabu da bayan Tela ba, har mutane suka laƙaba musu Allura da Zare. Na yi ta murna Yaya ya sami aboki.

Sai wani abu ya faɗo mini.

Jiya da na isa wurin hutu, na ce wa Jagora babu kowa a bayana. Can sai ga Tela da Yaya sun shigo, ta bayana. Yaya ya ce daji ya shiga ya kama ruwa. A lokacin hankalina yana kan Malama da ba a gani ba, ban tsaya tunani ba.

Amma duk wanda zai shiga daji, a bakin kwalta yake kwantar da kekensa don mai shara ya gani ya jira. Yaya ya sani. Ni na koya masa da bakina. Kuma idona ba ya barin gefen hanya.

Ban ga keken kowa ba.

"Tare kuka shigo da Yaya," na ce.

Hannunsa ya tsaya a kan gwangwanin.

"Daga ina kuka fito?"

"Mai Shara, shayinka zai huce."

"Daga ina?"

"Na yi alkawari."

"Wa ka yi wa?"

"In na faɗi wa, ai na gama karya shi." Ya goge hannu da tsumma. "Ka ɗaga hannunka kamar yadda ka ce. Ba zan riƙe ka ba."

*

Yaya na zaune a bakin katifa a ɗakinmu, ya gama ɗaure takalmi. Yana ta shafa bargo yana laluben hular kwanonsa. Hular tana nan gefen gwiwarsa, ko taku ɗaya babu.

Na rufe ƙofa.

"Auta, ka ga hulata?"

"Wane daji ka shiga jiya, Yaya?"

"Wace irin tambaya ce wannan da sassafe?"

"A ina ka kwantar da kekenka?"

"Kai, ka san da wa kake magana?"

"Na sani. Shi ya sa na rufe ƙofa."

Ya daina shafa bargon. Sannan ya sauke numfashi.

"Tela ne ya gaya maka?"

"Da ya gaya mini da ban shaƙe shi ba."

"Ka shaƙe shi?" Ya dafe kai. "Allah ya shirye ka." Ya ɗago. "Idona ne, Auta. Hawan jinin ido, haka likita ya kira shi. Gaba kawai nake gani, kamar mai leƙe ta bututu. Gefe ya tafi, dama da hagu."

Na matso kusa da shi.

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Bara!"

"Rage murya. Tun ranar farko Tela ya gane, da ya ga na kusa rungumar wani dutse a bakin hanya. Bai tambaye ni komai ba, ya dai ɗaura jan ƙyallen nan ya ce in bi shi. Ƙararrawa ɗaya rami, biyu kwana. Daga baya ni na gaya masa sauran."

"Jiya fa?"

"Jiya na sunkuya shan ruwa daidai lokacin da Jagora ya ajiye shi. Na ɗago ban ga ƙyalle ba, sai wata riga mai ruwan ƙwai can gaba, ta miƙe. Na bi ta. Ashe wani bawan Allah ne da ba namu ba. Tela na gefena yana ɗaga hannu, ban gan shi ba. Ya yi ihu, wata babbar mota ta cinye muryar. Hanyar kuwa babban titi ta nufa, inda tireloli ke gudu. Sai ya biyo ni. Saura kaɗan in shiga titin ya kamo sirdina."

Ni mutum ne mai son in san wa ke da laifi. Tun ina yaro haka nake, ba na barci sai na raba gaskiya da ƙarya na ajiye kowacce a wurinta. Amma a ɗakin nan na rasa inda zan ajiye Tela. Numfashi ɗaya aka ba shi ya zaɓa: mutumin da yake gani da idonsa ya doshi tireloli, ko mutanen da ba su iso ba tukuna. Da ya tsaya ya bi doka, da yau ni ne mai jini a hannun riga, kuma da babu wanda zai ce ya yi laifi. Ya karya doka, sai matar wani ta biya.

Fushin da na kwaso don Tela ya rasa wurin sauka. Sai ya juya ya fuskanci yayana.

"Yaya, kai direba ne."

"Na san sana'ata."

"Motar 'yan makaranta kake ja. 'Ya'yan mutane kake kwasa safe da rana!"

"Hanyar nan na san ta kamar yunwar cikina. Ko karce ban taɓa yi wa motar ba."

"Yaro ba ta gaba yake fitowa ba, Yaya. Ta gefe yake fitowa, da gudu, yana bin ƙwallo!"

"Zangon karatun nan na ƙarewa zan ajiye. Na yi wa kaina alkawari."

"Zango nawa suka ƙare tun bara?"

Ya koma shafa bargo.

"Kuma ka rasa wanda za ka gaya wa sai baƙon da ka haɗu da shi a kan keke? Ni ina bayanka kullum ina shaƙar ƙurar tayarka, ban isa in sani ba?"

"Shi ba zai ƙwace mini makulli ba," in ji Yaya a hankali. "Kai za ka ƙwace."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi.

"To me ya kawo ka tafiyar nan da wannan idon?"

"Don in ga hanya ta miƙe a gabana tun ina iya ganinta. Laifi ne?"

"Je ka tambayi Malama."

Ya miƙe. Ya fi ni tsawo, har yanzu in ya tsaya a kaina ina jin kamar na koma yaron da ya riƙe bayan rasuwar Baba.

"Saurara, Auta. Kowa a tsakar gidan nan waya ce a hannunsa. Ka buɗe baki yanzu, kafin azahar labari ya isa makarantar. Ba ajiye aiki zan yi ba, kora ta za a yi, da abin kunya. Me zan ce wa matata? Me zan ce wa yaran? Ka bar ni in sauka da ƙafata."

"Tela fa?"

"Shi ya ce in yi shiru. Ya ce riga ce kawai."

"Ba riga za a karɓe masa ba. Sunansa za a karɓe."

"Ni na goya ka a bayan nan," ya ce, yana bugun kafaɗarsa. "Ban taɓa roƙonka komai ba. Yau na roƙe ka."

Usur ɗin Jagora ya tashi a waje.

Na ɗauki hular daga gefen gwiwarsa na danƙa masa a hannu. Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

*

An jera bencuna a tsakar gida. Tela na zaune shi kaɗai a kan wani bokiti da aka kifa. Ya riga ya tuɓe rigar, ya ninke ta tsaf a kan cinyarsa, daga shi sai singileti. Ƙasusuwan wuyansa duk a waje.

Yaya ya zauna a bencin gaba. Ni na tsaya a baya, inda na saba.

Ba zan ɓoye muku ba, na yanke shawarar yin shiru. Na ce a raina zan bar hannuna a ƙasa, in mun koma gida in ƙwace makullin a cikin ɗaki, daga ni sai shi. Tela babba ne, shi ya zaɓi abin da ya zaɓa. Haka na lallashi kaina.

"Malam Tela," in ji Jagora, "wannan ce dama ta ƙarshe. Kana da abin faɗa?"

"Allah ya ba Malama lafiya. Shi ke nan."

"Kada ka ƙara kama sunan matata!" Mai Kemis ya zabura, mutum biyu suka riƙe shi. "Munafuki! Tsufa ya zo maka ba ka iya tsayuwa a rana, ka zauna a gida mana ka yi ta taka kekenka na ɗinki!"

Wani daga cikin samarin ya yi dariya, ya kuma haɗiye ta.

Jagora ya ce, "Wanda ya yarda ya tafi, ya ɗaga hannu."

Hannuwa suka tashi. Waɗanda Tela ya ɗinke wa yagaggen wando a hanya, waɗanda ya raba wa ruwansa a kan tudu, duk suka ɗaga. Ban ga laifinsu ba, abin da suka sani ke nan.

Sai na ga wani hannu a bencin gaba yana tashi a hankali. Ya tsaya a daidai kunne, kamar mai jin kunya, sannan ya ƙarasa sama.

Hannun Yaya.

Tela ya gani. Ya sunkuyar da kai yana gyara ninkin rigar.

Na daka tsawa.

"Ku sauke hannuwanku!"

Kowa ya waiwayo.

"Mai Shara, lafiya?" in ji Jagora. "Ba kai ka ce naka zai riga na kowa ba?"

Na ratsa bencuna na je gaba. Tela ya ɗago ya girgiza mini kai, sau ɗaya. Ban kula shi ba.

"Yaya, tashi."

"Auta..."

"Tashi ka tsaya a nan."

Ya tashi.

"Dubi ƙofar can. Kada ka juya kai. Ka ɗauka a kan sitiyari kake."

"Wane irin wasa ne wannan?" in ji Mai Kemis. "Matata na kwance, ku kuna..."

"Don matarka nake yi. Yi shiru ka kalla."

Na koma gefen Yaya na tsaya, kusa har ina jin numfashinsa. Duk tsakar gidan ido ya dawo kaina.

"Yaya, wane hannu na ɗaga? Dama ko hagu?"

"Auta, don girman Allah."

"Dama ko hagu?"

Gumi ya gangaro masa ta bayan kunne. Idonsa na kan ƙofa. Na ji wani ya ajiye kofin shayi a hankali a kan benci.

"Dama," in ji Yaya.

Babu wanda ya yi motsi.

Hannuwana duka biyu suna cikin aljihu.